Yadda Ake Kashe Feɗuwar Doguwar Fitilar Kan Mota

Duk mai shiga motar kasuwa ya san doguwar fitilar nan da ake ɗaurawa a rufin mota, bisa gilashin gaba. Ana ganinta a kan a-kori-kura, da tifa, da manyan motocin ɗaukar hatsi. Tana da haske ƙwarai. Direba yana hango rami ko garken shanu tun daga nesa.

Amma tana da aibi guda. Da mota ta ɗauki gudu sai a fara jin feɗuwa ko ƙugi daga sama. Wani direba yakan zaci inji ne ya sami matsala. Har ya kai wa makanike, ya kashe kuɗi a banza. Alhali kuwa iska ce kawai take wasa da fitilar.

Me yake kawo wannan ƙara?

In aka duba bayan fitilar za a ga haƙora na alminiyon a jere, kamar na mataji. Ba don ado aka yi su ba. Ƙwayayen fitilar, waɗanda ake kira LED, suna yin zafi. Haƙoran ne suke fitar da zafin zuwa cikin iska.

To, in mota tana gudu, iska tana bi ta kan haƙoran nan da ƙarfi. Sai su riƙa kaɗawa suna ba da amo. Yaro ma yakan hura bakin kwalba ta yi kuka. Haka wayar lantarki take kuka lokacin hunturu.

A shekarar 1878 wani masani mutumin ƙasar Cek, mai suna Vincenc Strouhal, ya yi bincike a kan kukan waya cikin iska. Ya gano cewa in iska ta ƙara gudu, amon yana ƙara tsini. In kuma wayar tana da kauri, amon yana yin ƙasa. Shi ya sa kukan fitilar yake canzawa duk lokacin da direba ya taka mota.

Akwai wuri na biyu da ƙara take fitowa, wato ratar da ke tsakanin fitila da rufin mota. Iskar da ta hau gilashin gaba tana matsewa ta nan. Na uku shi ne noti da ya kwance. Ƙarfin iska ba ƙarami ba ne. In gudun mota ya tashi daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, ƙarfin da iska take tura fitilar da shi yana ninkuwa sau huɗu.

Ina illar ƙarar?

Kunne abokin ido ne a wajen tuƙi. Direban da feɗuwa ta cika wa kunne ba zai ji hon ɗin na bayansa da wuri ba. Ba zai ji sabon kuka a inji ko a taya ba. Doguwar tafiya cikin ƙara tana kawo ciwon kai da gajiya. Ƙara mai ƙarfi ta yau da gobe kuwa tana rage ji. Ga alama mai sauƙi: in sai direba ya ɗaga murya kafin yaron mota da ke gefensa ya ji shi, ƙarar ta yi yawa.

A fara gano inda take fitowa

A sami salatif mai faɗi a rufe haƙoran bayan fitilar. A tuƙa motar ɗan lokaci da rana, ba tare da an kunna fitilar ba. In kukan ya ɗauke, to haƙoran ne. In bai ɗauke ba, a cire salatif ɗin, a toshe ratar da ke ƙarƙashi da soso, a ɗaure shi sosai, a sake gwadawa. Da an gama gwaji a cire komai.

Hanyoyin gyara

1. A ɗaure noti. A bi dukan notin da ke riƙe da fitilar da sifana. A yanko tsohon tiyub na taya a sa tsakanin ƙarfen da rufin mota. Robar tana shanye girgiza.

2. A sa wa haƙoran roba. Akwai roba mai tsaga da ake sawa a bakin ƙofar mota. A saka ta a bakin haƙori na sama da na ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu sukan cusa gutsattsarin siririn tiyo tsakanin haƙoran, a wurare uku ko huɗu. Wasu kuma sukan ɗiga gam ɗin silikon, irin na masu sa gilashi. Duk manufar ɗaya ce, a hana haƙoran kaɗawa.

3. A gyara zaman fitilar. A sassauta notin gefe, a ɗan sunkuyar da ita ko a ɗaga ta kaɗan, a sake ɗaurewa. Wani lokaci ɗan wannan juyi ya isa.

4. A kare ta daga iska. Mai walda yana iya yin ɗan faranti mai gangara a ƙasan fitilar daga gaba, don iska ta haye sama maimakon ta shiga ratar. Kada farantin ya tare haske.

5. A naɗe sandar. In a jikin sandar kariya aka ɗaura fitilar, sandar ma tana kuka. A naɗa mata igiya a karkace, ana barin tazara. Igiyar tana wargaza iska.

6. A sauko da ita. In duk an yi ba a dace ba, a mai da fitilar gaban mota, kusa da bamba. Can ta yi nesa da kunnen direba. A kula kada ta tare iskar da ke shiga lagireto.

Abin da ba a yi

Kada a cike haƙoran duka da gam, ko a naɗe su da tsumma a bar su haka. Zafi zai rasa mafita, hasken ya dushe, fitilar ta mutu da wuri. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Haka kuma in an huda rufin mota, a toshe gefen hujin da gam tun kafin damina, don kada ruwa ya shiga ya kawo tsatsa.

Abu na ƙarshe shi ne haƙƙin sauran masu bin hanya. An yi wannan fitila ne don hanyar daji, inda babu kowa. Haskenta yana kashe idon mai tahowa, ko a mota yake, ko a babur, ko a amalanke. Direba nagari yana kashe ta da zarar ya hango wani a gabansa, ko ya shigo gari. Allah Ya kiyaye hanya.