Ko Ka Sani? Tarun da Ke Kamo Ruwa Daga Cikin Iska

Ko ka san akwai inda ake ba shuka ruwa ba tare da rijiya ko rafi ko injin ban-ruwa ba, kuma ba a jiran damina? A gaɓar tekun arewacin ƙasar Cile, can Kudancin Amurka, taru ake kafawa a kan tudu, ruwa ya yi ta ɗiga daga jikinsa.

Yankin shi ne hamadar Atakama, ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a duniya. A garin Arika, in aka yi matsakaicin lissafi, ruwan saman shekara guda bai kai milimita 1 ba. Sai dai akwai wata igiyar ruwan sanyi a tekun Fasifik mai suna Humboldt, wadda ke tasowa daga kudu tana bin gaɓar. Ita ke sanyaya iskar da ke samanta, gajimare ya haɗu ƙasa-ƙasa, iska ta turo shi kan tsaunukan bakin teku. Mutanen wurin suna ce masa kamancaka. Hazo ne, amma ba irin namu na hunturu mai ƙura da busar da leɓe ba, wannan cike yake da danshi. Illarsa ita ce ɗigon da ke cikinsa ƙanana ne ƙwarai, ba su da nauyin faɗowa ƙasa. Haka za su wuce ta kan busasshiyar ƙasa, rana na ɗagowa su ɓace.

Na'urar da ke tare su ba ta da inji, ba ta shan mai, ba ta son lantarki. Ginshiƙai ne biyu da aka ɗaure da wayoyin ƙarfe, tsakaninsu an miƙe raga ta roba, irin wadda masu renon itatuwa ke yi wa dashe inuwa da ita, a ninka ta biyu, a sa ta fuskanci inda iska ke fitowa. Hazon na ratsawa, ɗigon ya maƙale a zare, wani ya zo ya same shi, su haɗu su yi nauyi, su gangaro cikin indararon da ke ƙasa, daga nan bututu ya kai su tanki. Gwanintar tana wajen girman idon ragar. In ya yi faɗi da yawa, ɗigon ya fice salin-alin. In ya matse, ruwa ya toshe shi, iska ta kewaye ragar ta wuce da abin da ta ɗauko.

Wani masanin kimiyya ɗan Cile, Carlos Espinosa, ya fara gwajin wannan dabara a birnin Antofagasta tun shekarun 1950. Babban aikin ya zo a 1987, lokacin da masana daga Cile da Kanada suka kafa taruna a tudun El Tofo. Kowane taru faɗinsa murabba'in mita 48 ne, kuma kowane murabba'i na ba da kimanin lita 3 a rana. A 1992 aka ja bututu zuwa Chungungo, ƙauyen masunta mai mutum kusan 300, waɗanda a da sai motar tanka ta kawo musu ruwa. Har lambuna suka yi. Amma bayan shekara goma ko kusa da haka, tarunan sun yayyage ba mai gyara. Jama'a ta ƙaru, buƙata ta wuce abin da hazo ke iya bayarwa, hankali ya koma kan neman babban famfo daga gwamnati. Abin da ban takaici, domin na'urar ba ta gaza ba, an dai ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, aka kuma bar ta ba kula.

A ganina inda tarun ya fi dacewa shi ne wajen shukar da ba ta da yawan ƙishi. Tsirran yankin ma sun riga mutane sanin wannan hanya. Akwai wani mai suna Tillandsia, dangin abarba, da ke zaune a kan yashi jere-jere yana fuskantar iskar teku. Kusan ba shi da saiwa, ta ganyensa yake shan hazo, kuma da wannan ɗan abin har fure yake yi.

A Falda Verde, kusa da garin Chañaral, wasu mazauna yankin sun haɗa ƙungiya suna noman alobera da ruwan taru, ruwan na gangarowa da kansa daga tudu zuwa gona. Zaɓin ya yi ma'ana. Alobera tana ajiye ruwa a cikin kaurin ganyenta, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta, lokacin da iska ta yi sanyi, ta rufe su da rana don kada danshinta ya tafi. Abin da ke kashe ta galibi yawan ruwa ne, ba ƙarancinsa ba, domin saiwarta ruɓewa take yi in ƙasa ta daɗe a jiƙe. Ana ba ta, a bari ƙasar ta bushe, sannan a sake ba ta. Idan ta girma sai ta fid da dogon kara mai furanni ruwan ɗorawa. Ruwan da ba zai ishi kadada ɗaya ta masara ba, zai riƙe alobera mai yawa.

Ba ko'ina tarun ke aiki ba. Galibi sai an sami teku mai sanyi, da tudu kusa da shi, da iska mai kaɗawa ta fuska ɗaya. A Afirka an sami haka a kudu maso yammacin Maroko, inda ƙungiyar Dar Si Hmad ta kafa taruna a dutsen Boutmezguida, kusa da Sidi Ifni, suna kai ruwa har cikin gidajen ƙauyukan da mata ke shafe sa'o'i wajen ɗebo shi. Iskar dutsen ta riƙa yaga tarunan farko, sai aka maye gurbinsu da wasu masu ƙwari, waɗanda aka ɗaure da roba mai miƙewa don su riƙa sassautawa in guguwa ta taso.