Matan Da Suka Buɗe Wa Baƙo Ƙofa A Amurka

'Yan'uwana mata, in magariba ta riski matafiyi a Kankiya ko Kusada, zaure yake nema ya yi sallama. Maigida ne zai shimfiɗa masa tabarma, amma kowa ya san inda tuwo da ruwan wanka suke fitowa. To, yau ga labarin wata ƙasa inda aka hana baƙo masauki saboda launin fatarsa, da yadda mata suka share masa hawaye.

A Amurka, kafin dokar 1964 da ta hana wariya a wuraren jama'a, otal-otal da yawa ba su saukar da baƙar fata, ko da kuɗinsa a hannu. Ko mashahuran makaɗan jaz, wato kiɗan da baƙar fatar suka ƙago, ba su tsira ba. Duke Ellington ya yi shekaru yana kiɗa a gidan rawa na Cotton Club a New York, amma Turawa ake bari su shiga kallo, danginsa kuwa sai waje. Mutum ya raba dare yana busa ana tafa masa, in an tashi ya rasa wurin sa haƙarƙarinsa.

Ganin haka, a 1936 wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya fara buga wani ɗan littafi, Green Book, mai nuna wa baƙar fata inda za su kwana ko su ci abinci ba wulakanci. Da yawa daga cikin masaukan nan gidajen mata ne, waɗanda suka ware ɗaki ɗaya ko biyu, suna dafa wa baƙi abinci. Da ya rasu a 1960, matarsa Alma ce ta ci gaba da aikin.

Akwai kuma Vada Somerville, likitar haƙori. A 1928 ita da mijinta suka gina wa baƙar fata otal a Los Angeles. Kariyar arziki ta 1929 ta raba su da shi, amma ƙofar ba ta rufu ba. Aka sa masa suna Dunbar, ya zama masaukin su Ellington da Louis Armstrong, mai busan nan da ya zo Kaduna a 1960 ya gana da Sardauna.

Kada ku ce abin can nesa ne. A 1947 otal ɗin Bristol na Ikko ya hana Ivor Cummings ɗaki, alhali babban ma'aikaci ne daga Ingila, don kawai baƙi ne. Sai da jama'a suka yi ca kafin Gwamna ya hana wannan ɗabi'a.

Bayan 1964 ko'ina ya buɗe, ciniki ya janye, masaukan nan da yawa suka rufe. Dunbar dai ya koma gidan tsofaffi.

Saboda haka, uwargida, kada ki raina kwanon da kike aika wa zaure, mutuncin wani kike tsarewa. Ku kuma 'yammata, ku riƙe karatu. Ilmi da sana'a ne suka ba Vada ikon gina wa baƙo ɗaki. Baƙonka ruwa ne, in ji Hausawa, zuwa ya yi ya wuce, amma ba ya manta gidan da aka karrama shi. Allah ya ba mu abin saukar baƙo, amin.