"Ya tafi biɗa": Me kalmar ke nufi a yammacin Zamfara?

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, idan aka tambayi mai gida aka ce ba ya nan, amsar da aka saba ji ita ce, "ya tafi biɗa."

Biɗa ita ce kalmar da Zamfarawa da Sakkwatawa da Kabawa suka fi amfani da ita, a inda Bakano ko Bazazzagi zai ce nema.

Ma'anarta ta asali ita ce bin sawun abin da babu shi a hannu. Da ita ake biɗar ilimi, da ita ake biɗar aure. Amma idan aka ambace ta ita kaɗai, to abincin iyali ake nufi.

Bambancinta da sana'a

Kalmar sana'a daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma tana nufin aikin da aka koya, sau da yawa ma aka gada, kamar ƙira da jima da fawa.

A al'ada irin waɗannan sana'o'i suna da shugabanni, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, masu tsawatarwa idan an saɓa ƙa'ida.

Biɗa kuwa ba ta da sarki. Ba ta fayyace aikin da mutum yake yi, iyakarta ta nuna cewa ya tashi tsaye.

Wannan ne ya sa Bahaushe kan ɗaure ta da wata kalmar, ya ce neman halal, domin ba kowane samu ne addini ya yarda da shi ba.

Daga gona zuwa rami

Shekaru aru-aru noma ne ginshiƙin biɗa a yankin: gero da dawa a tudu, shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara. Bayan girbi kuma samari su tafi cin-rani.

Lamarin ya sauya da tashin farashin zinari a duniya, daga ƙasa da dala 300 kan kowane oza a 2001 zuwa sama da dala 1,200 a 2010.

Manoma da dama sun koma haƙar zinari, aikin da ba su gada ba, kuma babu wani shugaban sana'a da zai nuna musu haɗarinsa.

An riƙa kai duwatsun cikin gidaje ana dakawa da niƙawa, alhali suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta bi ƙasar da yara ke wasa a kai.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta Medecins Sans Frontieres ta gano mace-macen yara da ba a saba gani ba, kuma bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce.

An ƙiyasta cewa yara kusan 400 ne suka rasu, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum.

Sai a 2013 aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garin Bagega.

Hausawa dai kan ce garin neman ƙiba a kan samo rama.

Inda aka kwana

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar Zamfara, bisa zargin alaƙarsa da 'yan bindiga. An ɗage haramcin a watan Disamban 2024.

Gonar ma ba ta tsira ba, domin a ƙauyuka da dama 'yan bindiga sun sha ɗora wa manoma haraji kafin su yi shuka ko girbi.

Duk da haka kalmar ba ta rasa darajarta ba. Har yanzu ana yi wa mai fita addu'ar Allah ya ba da sa'a, ana kuma cewa mai nema yana tare da samu.

Abin da ya rage ga hukumomi da sarakuna da malamai shi ne sama wa haƙar zinari ƙa'idoji da horo irin na sauran sana'o'i, ta yadda mai biɗa zai dawo gida da abinci, ba da guba a tufafinsa ba.