Lafiyar Ɗan Adam Ce Ma'aunin Ƙirar Kumbon Zuwa Wata

Kafin ƙafar ɗan Adam ta taka wata, sai da masana suka tabbatar cewa jikinsa zai jure zaman sararin samaniya. Kano tana cikin wuraren da suka taimaka wajen wannan bincike, domin a farkon shekarun 1960 Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a can don bin sawun kumbon Mercury. Ran 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar ta yi magana da shi, kuma na'urorinta suna karɓar labarin bugun zuciyarsa da numfashinsa don likitoci su duba.

Amma darasin da ya fi ɗaci a ƙasa aka koye shi. Ran 27 ga Janairu 1967, ana cikin gwajin kumbon Apollo 1 a Jihar Florida, wuta ta tashi ta halaka 'yan sama jannati uku, Grissom da White da Chaffee. Bincike ya nuna cewa an cika ɗakinsu da iskar oksijin zalla, wadda ke rura wuta, ga kuma kayan nailan ko'ina. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa, saboda haka ƙarfin iska ya danne ta. Wannan ya sa aka sake ƙirar kumbon. Aka yi ƙofa mai buɗewa waje cikin 'yan daƙiƙoƙi, aka riƙa gauraya oksijin da nitrojin kafin tashi, aka kuma ɗinka tufafi da yadin da ba ya cin wuta. Da wannan gyara ne Apollo 11 ya kai mutane wata a Yuli 1969.

A Afrilu 1970 tankin oksijin na Apollo 13 ya fashe a hanya. Mutum uku suka fake a ƙaramin kumbon sauka, wanda don mutum biyu aka ƙera shi. Gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa ta fara taruwa, ga shi matatun iskar babban kumbon masu kusurwa huɗu ne, ramukan ƙaramin kuwa zagayayyu. Sai da injiniyoyi daga ƙasa suka koya musu haɗa su da leda da kwali da salatif, sannan suka dawo lafiya ran 17 ga watan.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani, wato haskoki masu lahani na sararin samaniya, waɗanda kan jawo ciwon daji. Shi ya sa a Nuwamba 2022 kumbon Orion ya kewaya wata ɗauke da mutum-mutumi biyu, Helga da Zohar, ɗaya sanye da rigar kariya, don a auna abin da zai ratsa jiki.

Ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni su lura cewa tun ranar da za a fara zanen kumbo, likita yana zaune kusa da injiniya.