Man 'Ya'yan Shayi: Awon da Ke Yanke Farashinsa

JALINGO — A Jihar Taraba, idan aka ambaci shayi, abin da ke zuwa zuciyar ɗan kasuwa shi ne ganyen da ake tsinka a kan Tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, inda kamfanin Mambilla Beverages ke sarrafa shayin Highland a Kakara. Sai dai itacen shayi ba ganye kaɗai yake bayarwa ba. Yana yin fure, yana kuma yin 'ya'ya masu ƙwaya, kuma a cikin ƙwayar akwai mai wanda ake ci.

Ƙasar Sin ce kan gaba a wannan sana'a. A lardunan Hunan da Jiangxi da Guangxi an daɗe ana tatsar mai daga wani ɗan'uwan itacen shayi da masana ke kira Camellia oleifera, wanda kusan kashi 80 cikin 100 na mansa sinadarin oleyik ne, irin wanda ya ɗaga darajar man zaitun. Itacen da ake nomawa a Mambila kuwa shi ne Camellia sinensis, kuma nasa oleyik bai kai wannan adadi ba. A shekarar 2009 hukumomin lafiya na Sin suka amince da mansa a matsayin sabon nau'in abinci. Ya kamata mai saye ya kiyaye kada ya haɗa waɗannan da wani mai da ake samu daga itacen Melaleuca na Ostireliya, wanda sunansa na Turanci ya yi kama da nasu. Wannan na shafawa ne, ba a cinsa.

Abin da ke sa irin wannan mai tsada shi ne wasu sinadarai 'yan ƙalilan da ke cikinsa masu hana iskar oksijin lalata shi, kamar su tokoferol, wato bitamin E, da folifenol da sikwalin. Duk mai sayar da man gyaɗa ya san yadda mai ke canza ɗanɗano, ya soma wari, idan ya daɗe a rana. Waɗannan sinadarai su ne ke jinkirta hakan. Ido ba ya ganinsu, shi ya sa babban mai saye ba ya karɓar maganar baka, sai takardar ɗakin gwaje-gwaje.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ta Folin da Ciocalteu, wadda asalinta ke komawa ga shekarar 1927. Ana janyo folifenol daga man da wani ruwan sinadari, a zuba maganin gwaji, sai ruwan ya koma shuɗi. Gwargwadon ƙarfin shuɗin, gwargwadon yawan folifenol, kuma ana rubuta sakamakon da miligiram a kowane kilogiram na mai. Aibinta shi ne maganin yakan yi shuɗi da wasu abubuwan da ba folifenol ba, don haka adadin na iya zarce gaskiya. Akwai kuma gwajin DPPH, wanda aka fara bayyanawa a 1958, inda ruwa mai launin shunayya ke dusashewa ya koma rawaya. Wanda ke son sanin kowane sinadari da sunansa da yawansa sai ya nemi na'urar HPLC, wadda ke rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana kuma bukatar ƙwararren ma'aikaci da wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

A nan ne ɗan kasuwa zai yi hattara. Ba a kwatanta adadin da aka samu ta wata hanya da wanda aka samu ta wata, saboda haka tilas yarjejeniyar ciniki ta ambaci hanyar awon. Haka kuma tace mai da zafi da sinadarai yana kwashe yawancin folifenol. Man da aka matsa a sanyaye ya fi riƙe su, amma abin da ake samu daga kowane buhu ya fi ƙaranci. Sannan babban adadi a takarda ba hujja ba ce ta cewa man magani ne. A 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin irin waɗannan sinadarai a cikin abinci, domin abin da ke faruwa a kwalbar gwaji bai tabbatar da abin da ke faruwa a jikin mutum ba, ga kuma masu talla suna wuce gona da iri da shi. A gida ma, kafin a sa mai a kwalba a kai kasuwa sai da rajistar hukumar NAFDAC, wadda ke sa ido kan abin da aka rubuta a jikin kaya.

Awon da mai saye zai fara tambaya ma shi ne na feroksayid, mai nuna ko man ya soma lalacewa. Ƙa'idar Codex ta duniya ta tsayar da iyaka a kan ma'auni 10 ga tataccen mai, 15 ga wanda aka matsa a sanyaye. Ƙwayar da ba ta bushe sosai ba a damshin Mambila, ko man da ya sha zafi a doguwar hanyar da ta taso daga Gembu ta bi ta Serti da Bali zuwa Jalingo, na iya faɗuwa a wannan gwaji tun kafin a kai ga maganar folifenol.

Babbar matsalar dai tana gona. Itacen da ake tsinkar ganyensa ana datse shi ne daidai ƙugu, kuma ba ya yin 'ya'ya da yawa. Mai son ƙwaya sai ya bar itacen ya girma, ya haƙura da kuɗin ganyen wannan fili. Abin da zai rage asarar shi ne tunkuzar da ke saura bayan matsa, domin tana ɗauke da safonin, wanda ake sayarwa masu yin kayan wanki da masu kiwon jatan lande a Asiya. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya, wadda binciken shayi ke ƙarƙashinta, tana da reshe a Kusuku a kan tsaunin, kuma can ne mai niyyar zuba jari zai fara tambayar yawan ƙwayar da kadada ɗaya za ta iya bayarwa kafin ya sayi injin matsa.