Ciwon Daji: Taimakon da Ba Ya Kai Majinyaci Ƙarshen Magani

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa mutum fiye da 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a wannan shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu sanadiyyarsa. Sankarar mama ce kan gaba, sai sankarar mafitsara ta maza da ta bakin mahaifa. Yawan mace-macen ya fi yawan kamuwar tayar da hankali, domin a ƙasashen da harkar lafiya ta zauna da gindinta, mafi yawan matan da aka gano musu sankarar mama suna rayuwa shekaru masu yawa bayan magani. Cutar ɗaya ce a can da nan. Abin da ya raba mu shi ne lokacin da majinyaci ke isa asibiti, da kuma ko yana iya jure kuɗin magani har ƙarshe. Saboda haka duk taimakon da za a yi wa mai ciwon daji ya kamata a auna shi da ma'auni biyu: shin ya zo da wuri, kuma ya raka mai shi har aka sallame shi?

Maganin ciwon daji ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a miƙe. Kafin a fara komai sai an yi hoto, an yanki ɗan tsoka daga kumburin an kai ɗakin gwaji, an jira sakamako. Daga nan sai tiyata, ko ƙarin ruwan kemo, ko gashi da na'ura, sau da yawa ma dukkansu. Mai sankarar mama kan karɓi kemo zagaye shida zuwa takwas, galibi duk bayan mako uku, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jininta. In ya yi ƙasa sai an ɗaga shi tukuna. Gashi kuwa kwana biyar ake yi a mako, har tsawon makonni. Matar da ta taso daga wani ƙauye a Jigawa ko Yobe zuwa asibitin Shika ko na Abuja tana buƙatar kuɗin mota, da wurin kwana, da abincinta da na mai jinyarta, wanda shi ma ya baro sana'arsa. A zagaye na farko 'yan'uwa sun yi karo-karo. A na biyu an kai saniya kasuwa, an sayar da 'yan kunnen gwal da kayan ɗaki. A na uku an jinginar da gona. A na huɗu sai a nemi majinyaciya a rasa, likita ya rubuta a fayil cewa ba ta dawo ba. In ta sake bayyana bayan wata shida, ciwon ya fashe, ya bazu zuwa ƙashi ko huhu, dukiya ta tafi, lafiya ba ta samu ba. Wannan ita ce asarar da ta fi kowace ciwo, kuma ita ce taimakon rabi da rabi ke haifarwa.

Dalilin hakan a fili yake. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, alhali cikakken maganin ciwon daji kan ci miliyoyi. Magungunan kusan duka daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta ƙara musu tsada. A irin wannan hali hanyar da ta rage wa talaka ita ce roƙo: a ɗauki hoton ciwonsa a baza a Facebook da lambar asusun banki, ko a kai kuka gidan rediyo, ko a tsaya bayan sallar Juma'a. Masu bayarwa Allah ya saka musu. Sai dai roƙo sa'a ne. Wanda labarinsa ya taɓa zuciya ya samu, wanda kunya ta hana shi tona asirin jikinsa ya mutu a ɗaka. Kuma jama'a sun fi tausayin ciwon da ya riga ya munana, wato daidai lokacin da kuɗin ba zai yi amfani sosai ba.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. A 2019 aka fara wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da wasu ƙungiyoyi da kamfanonin magani na waje don rage farashin magungunan kemo a manyan asibitocin koyarwa. A 2021 aka buɗe Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji, wanda ya fara da asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya: na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Ibadan, da Binin, da Inugu. Asusun ya shafi marasa galihu masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsara ta maza. A 2022 dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni. Tubalin ya yi kyau, amma ginin bai tashi ba. Asibiti guda ba zai wadatar da shiyyar da ke da jihohi shida ko bakwai ba. Kafin mutum ya shiga asusun sai an tabbatar da cutar, kuma kuɗin tabbatarwar shi ne katangar farko da ke mayar da talaka gida. Ga kuma sauran cututtukan daji, kamar na hanta da na jini da na yara, waɗanda asusun bai fara da su ba.

Akwai masu cewa zuba kuɗi a nan ɓarna ce, tunda ciwon daji ba ya jin magani, gara a kai su ga zazzaɓin cizon sauro da mace-macen mata wajen haihuwa. Rabin maganar kuskure ne. Sankarar mama da ta bakin mahaifa da wasu na yara suna warkewa in an kama su da wuri aka kuma kammala magani. Abin da ya sa mutane suka ɗauka hukuncin kisa ne shi ne ba su cika ganin wanda ya warke ba, kuma ba su gani ba ne saboda jinkiri da yankewar magani. Tsoron kuɗin asibiti ke sa a fara da rubutu da sassaƙe da shafe-shafe, a ce daji ba ya son ƙarfe, har lokaci ya ƙure. Ɗaya rabin kuwa gaskiya ne: kuɗi ba su da yawa, dole a zaɓa. Amma wannan hujja ce ta a kashe su inda suka fi amfani, wato rigakafin ƙwayar cutar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kyauta tun Oktoban 2023, da gwaji kyauta, da cikakken magani ga cututtukan da ke warkewa, da maganin rage raɗaɗi ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa. A Ghana, inshorar lafiya ta ƙasa ta haɗa da sankarar mama da ta bakin mahaifa, daga baya ta ƙara wasu cututtukan daji na yara guda huɗu. Mu kuwa a birninmu aka yi alƙawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, har yau gwamnatin tarayya ba ta kai can ba.

Wasu kuma na cewa duk asusun da aka kafa cuwa-cuwa za ta cinye shi, gara a miƙa wa majinyaci hannu da hannu. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa tsari ne. A biya asibiti kai tsaye da sunan majinyaci, a wallafa yawan waɗanda aka ɗauka da yawan waɗanda suka kammala, a sa likita da ma'aikacin jin daɗin jama'a su tantance. Kuɗin hannu ma ba su tsira ba, domin an sha ganin masu amfani da hoton majinyaci suna damfarar jama'a. Ƙari a kan haka, asusu na iya sayen magani da yawa a farashi mai rahusa, ya kuma kare majinyaci daga jabu, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Al'umma ma tana da hanyar da ba sai ta jira gwamnati ba. Fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin masu haƙƙin zakka, kuma mai ciwon daji talaka yakan haɗa siffofin nan. Hukumomin zakka da waƙafi irin na Sakkwato da Kano, da majami'u, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, suna iya ƙulla yarjejeniya da asibitocin koyarwa su ɗauki nauyin mutane ƙididdigaggu daga gwaji har sallama. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana zai iya gina masauki kusa da cibiyar gashi ya yi waƙafinsa. Majinyata ashirin da aka kai ƙarshe sun fi ɗari biyu da aka ba kowannensu kuɗin zagaye ɗaya. Duk wanda zai ba da taimako, gwamnati ce ko mutum, ya fara da tambayar likita nawa ne kuɗin maganin gaba ɗaya, sannan ya nemo waɗanda za su haɗu da shi su cike gurbin.