Karnukan Chapel Hill da jinin da ba ya tsayawa

Idan ɗayanmu ya yanke yatsa wajen fere fensir, cikin 'yan mintoci jinin zai tsaya. Akwai yaran da ba haka abin yake a wurinsu ba. Jikinsu ba ya samar da ɗaya daga cikin sinadaran da ke daskarar da jini, wato fakta ta 8 ko fakta ta 9. Sunan cutar himofiliya. Gadonta ake yi, kuma maza ta fi kamawa. A wajenmu sau da yawa sai ranar kaciya ake gano ta. Azabarta mafi tsanani ita ce jinin da ke zuba cikin gwiwa da sauran gaɓoɓi har su lalace.

Maganin da aka saba shi ne allurar sinadarin ta jijiya, ana maimaitawa har ƙarshen rayuwa. Sai masana suka ce, me zai hana a ba jiki lafiyayyar ƙwayar gado ya riƙa haɗa sinadarin da kansa?

A nan karnuka suka shigo labarin. Tun 1947 wani likita, Kenneth Brinkhous, ya fara kiwon karnuka masu himofiliya a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill a Amurka. Ba sa musu cutar aka yi ba, da ita aka haife su, kamar mutane. Ɓera yana da amfani a ɗakin bincike, amma ƙarami ne, kuma shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya. Kare kuwa yakan wuce shekara goma, ana iya bin lafiyarsa tsawon lokaci.

Dabarar ita ce a ɗauki wani bairos mai suna AAV, a kwashe abin da ke cikinsa, a zuba ƙwayar gadon, ya kai ta cikin hanta. A 1999 aka wallafa cewa karnukan da aka yi wa haka sun fara samar da fakta ta 9. Kaɗan ce, amma kada mu raina ta: mai tsananin cutar ba ya da ko kashi 1 cikin 100, kuma ɗaga shi zuwa kashi 5 na rage zubar jini sosai.

Da aka gwada a mutane, rahoton 2006 ya zo da takaici. Sinadarin ya hau, sannan ya ɓace cikin kamar wata biyu. Garkuwar jikin mutum ta gane ɓawon bairos ɗin, ta kashe ƙwayoyin hantar da suka karɓe shi. Karnuka ba su taɓa nuna wannan ba.

Sai a 2011 masana a Landan suka yi nasara a majinyata shida, suna kwantar da garkuwar jiki da magani idan ta taso. A 2022 Amurka ta amince da maganin Hemgenix, allura sau ɗaya, a kan dala miliyan 3.5, kuɗin da mu a nan ko lissafa shi a naira aiki ne.

Aikin karnukan bai ƙare ba. An bi karnuka tara masu rashin fakta ta 8 har shekara goma bayan yi musu maganin. Babu wanda ya kamu da kansa, amma an ga guntayen ƙwayar gadon sun shige cikin DNA na hantar wasu, kusa da wuraren da ke kula da girman ƙwayoyin jiki. Saboda irin wannan ake ci gaba da duba hantar mutanen da aka yi wa allurar shekara da shekaru.